Ranar Da Hafsa Ta Sauke Goyo

Duk gidanmu babu mai hannun regewa irin na Hafsa. Innarmu kan ce in Hafsa ta rege gero, rufe ido ka ci tuwo, haƙorinka ba ya gamuwa da tsakuwa. Tun tana 'yar shekara takwas take zama bakin randa da ƙwarya biyu, tana karkata wagga cikin waccan, ruwa na tafiya da hatsi, yashi na zama a gindi shi kaɗai kamar wanda anka yi wa horo. Ita ce autarmu, kuma ita ce marar tsoro. In an hau tsamiya ta fi maza nisa. Ta taɓa kamo kunama da tsinke biyu ta kawo wa Inna ta gani, Inna ta zubar da kunu garin gudu.

Da ta isa aure ta ce Arzika take so, wani manomi ɗan Yargalma mai yawan dariya da faffaɗar ƙafa. Anka ɗaura. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, anka sa mishi Saifullahi. Ɗan fari ne, to kun dai san halinmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Hafsa ta riƙe wagga kunya hannu bibbiyu. "Wancan" take ce mishi.

"Gwaggo, wancan na kuka."

Surukarta, Gwaggo Laraba, ta ce, "Wancan wa? Angon nawa na da suna. In bakinki ba ya iya ɗauka, yi mini nuni da haɓa."

Amma in ɗaki ya zama daga ita sai shi, Allah kaɗai ya san irin tsotsar kumatun da yaron ke sha.

Ana nan sai maganar zinari ta cika gari. Maza su tafi rami su dawo da buhunan dutse, a zube tsakar gida. Wani a kai inji, wani mata su daka a turmi, turmin nan dai da ake daka hatsi. Garin dutsen kuwa sai an wanke shi cikin ruwa kafin ɗan ƙyallin ya fito, kuma wankin zinari da regewar gero ɗan juma ne da ɗan jummai. Nan hannun Hafsa ya yi suna. Abin da wata za ta zubar a ruwa, ita sai ta tsamo shi. Tana daka tana wanki, yaron na zaune gindin turmi, fari fat da ƙura kamar an juya shi cikin gari, yana cusa hannu a baki. Mata su yi ta dariya suna cewa ga tsoho mai furfura.

Bazarar shekarar dubu biyu da goma yara sunka fara ciwo. Amai, zafin jiki, sai jijjiga, ido ya juye. Wasu sunka ce sanƙarau ne, wasu sunka ce iska. Saifullahi kwana uku ya yi. Ya rasu da hantsi, bai cika shekara biyu ba.

Hafsa ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, ido na kanta. Ta zauna bisa tabarma da lulluɓi, duk wadda ta ce mata "ya haƙuri" ta ce "da godiya", har tana tashi ta kawo wa baƙi ruwa. Mata sunka yi ta yabo, kun ga ɗiyar mutunci, kun ga tarbiyya. Mu ma da munka zo daga Nasarawa Burkullu mun yaba. Ni da bakina na ce mata ta fidda mu kunya. Ashe murfi munka taru munka ɗora bisa tukunya tana tafasa, munka koma gida muna murna.

Bayan nan likitoci sunka zo, har da na ƙasar waje. Anka tara mutane anka yi bayani: akwai dalma cikin dutsen, guba ce, ƙurarta ce ta shiga ƙasar gidaje, yara na ci da hannu. Ma'aikata sunka kankare ƙasar tsakar gida kaf, anka kwashe, anka zubo sabuwa, anka auna da na'ura anka ce ta yi kyau. Tsohon turmin ma anka tafi da shi. Kowa ya ji abin da ya ji a wanga bayani. Abin da Hafsa ta ji guda ɗaya ne: hannuna ya daka, ni na zaunar da shi gindin turmi.

Daga ranar faɗuwar gaba ta kama ta. Da ta ji taɓarya ta faɗa turmi, ko a gidan maƙwabta ne, sai ƙirjinta ya hau duka kamar ganga, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya tsaya mata a wuya. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, Arzika ya kai ta asibiti Bukkuyum bisa babur anka duba anka ce zuciyarta lafiya lau. Ta bar daka, sai inji. Ta bar regewa, sai dai ta watsa wa gero ruwa ta tsame, don da ta karkata ƙwarya sai ta ga kamar ƙyallin nan za ta gani a gindi. Wanda ya gan ta a hanya ba ya gane komai, tana gaisuwa tana murmushi. Cikinta ne ke ci da wuta.

Bayan shekara biyu ta haifi mace ranar Laraba, anka riƙa ce mata Larai. Kowa ya ce to, Allah ya share mata hawaye. Sai dai Hafsa ta yi wa kanta alkawarin da ba ta faɗa wa kowa ba: ƙafar wagga yarinya ba za ta taɓa ƙasa ba. Goyo tun safe har yamma. Tana girki da ita, tana wanki da ita, in za ta yi salla ta aje ta tsakiyar gado ta kewaye da matasai. Hannun yarinyar kuwa ya sha sabulu har ya fara tsagewa.

Wata shida, babu wanda ya kula. Shekara ɗaya, anka ce ai wasu yaran na da nawa. Larai ta yi shekara biyu da wata huɗu ba ta taɓa yin ko rarrafe ba. Sa'o'inta na bin kaji da gudu, ita tana leƙen duniya ta bayan kafaɗar uwarta, ƙafafu sirara na reto kamar igiya.

Gwaggo Laraba ta ce, "Ke dai ki jira, randa za a kai ta ɗakin miji sai mu naɗe ku tare mu ɗora bisa mota."

Hafsa ta yi dariyar yaƙe.

Arzika ya sake ɗaukarsu zuwa Bukkuyum. Wata ma'aikaciya ta gwada jinin Larai, ta lanƙwasa ƙafafun ta miƙe, ta dubi Hafsa ta ce, "Jininta lafiya, ƙashinta lafiya. Ƙafa ce ba a ba ta aikinta ba. Ki sauke ta. In kika ƙara ja, ƙafar za ta saba da zama, lokacin kuma gyaran ya yi wuya." Hafsa ta ce to. A hanyar dawowa ta ƙara ɗaure zanen goyon, tana zagin kanta a zuci: kin kashe ɗaya, za ki gurgunta ɗaya, wace irin uwa ce ke. Ta san maganar gaskiya ce. Hannunta ne ba ya iya kwance ƙullin.

To akwai wata tsohuwa, Inna Adama, Bafulatana daga rugar da ke wajen Tungar Guru, mai kawo nono kowane hantsi. Gajera ce, haƙora uku sunka rage mata a gaba, bakinta kuwa ya fi aska. Wata rana ta sauke ƙwaryarta a inuwar gidan, Hafsa ta kawo mata fura don ta dama. Kurɓa biyu ta yi ta tsaya, ta sa yatsa ta zaro tsakuwa daga baki ta aje bisa tafin hannu tana kallo.

"Ashe ke ta anka ce ba a cin tsakuwa a hannunta? Haƙora ukun ga da Allah ya bar mini, su kike nema?"

Kafin Hafsa ta ba da amsa, maƙwabciya ta fara daka ta bayan katanga. Dum, dum. Hafsa ta dafa bango, ta sulale ta zauna da goyonta, baki buɗe tana neman iska.

Inna Adama ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba ta ce ta daure ba. Ta matso, ta kama tafin hannun Hafsa ta ɗora mata bisa ƙirjinta, ta danne da nata.

"Bar shi nan. Mi kika ji?"

"Duka yake, Inna. Mutuwa zan yi."

"Ba ki mutuwa. Nagge ce ta firgita. Mu in saniya ta firgita ba mu dukanta, ba mu kuma gudu mu bar ta. Hannu muke ɗora mata a wuya mu tsaya, tana rawar jiki muna nan, har ta gane ba kura ba ce, ganye ne ya motsa. Tsaya da ita. Mi kike gani gabanki?"

"Randa."

"Sai mi?"

"Kaza. Da ƙwaryarki."

"Ƙuda nawa bisa faifan ƙwaryar?"

Hafsa ta duba da gaske. "Huɗu. Ɗaya ya tashi."

"Ɓarayi. Ƙamshin mi kike ji?"

"Nono. Da hayaƙin kara."

"To nan kike, ɓingel, ɗiyata, cikin gidanki, da hantsi. Ba can kike ba."

Dakan bai tsaya ba, amma sannu a hankali iska ta fara wuce mata wuya. Abin ya zo, ya yi ƙarfi, ya sauka, tana kallonsa. Shekara huɗu tana gudunsa, ba ta taɓa sanin yana da ƙarshe in an tsaya ba.

Washegari Inna Adama ta ce ba ta ƙara shan furar tsakuwa, a rege gero gabanta. Hafsa ta ɗauko ƙwarya biyu ta karkata da gaggawa, ruwa ya dame, hatsi da yashi sunka haɗe.

"Aje. Kar ki taɓa. Kallo kawai."

Sunka zuba wa ƙwaryar ido su biyu, har ruwan ya kwanta ya yi garau, gero ya bayyana.

"Kin gani? Da kin sa hannu don ki kwantar da shi, da har yanzu yana dame. Yanzu karkata. Hankalinki bisa ruwan. In ya tafi wani wuri, kuma zai tafi, kamar ɗan maraƙi yake, ki juyo shi. Ban da sanda."

Ya tafi kuwa. Ya tafi gindin turmi, ya tafi ranar makoki, ya tafi asibiti. Tana juyo shi ga sanyin ruwa a yatsunta da ƙarar hatsi yana gangarawa. Da ta gama, ga yashi ya zauna a gindin ƙwarya shi kaɗai kamar da. Yashi ne zalla.

Sun yi kusan wata guda a haka. Rannan Inna Adama na dama fura ta ce, "Maƙwabciyar taki mai dakan ga, Zinariya, ba ita ta rasa biyu ba?"

"Ita ta."

"Ita ma ta daka dutse?"

"Ta daka."

"Da kika je mata gaisuwa mi kika ce mata?"

"Na ce ta bar ɗora wa kanta. Ba ta sani ba. Babu uwar da za ta ba ɗanta guba tana sane."

"To ke kin sani?"

Hafsa ta kau da kai.

"Tambayarki nake. Ke anka zo anka raɗa wa a kunne, kika ƙi ji?"

"A'a."

"To don mi kika ba Zinariya ruwan randa, ke kika ɗebi na kan wuta kina sha kullum? Ita ɗiyar mutane ta, ke ɗiyar itace?" Ta ɗan kurɓi fura. "Mi sunan yaron?"

"Inna, ɗan fari na fa."

"Na sani. Mu munka koya muku wagga kunya, kunka zo kunka fi mu riƙo. Ni ma ban taɓa kiran nawa gaban mutane ba, yau ga shi da furfura. Amma in na shiga cikin shanu ina kiransa har su gaji da ji. Nan babu kowa, daga ni sai kaza. Kaza kuwa ba ta kai gulma."

Hafsa ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Muryar da ta fito ƙarama ce ƙwarai.

"Saifullahi."

Kukan da ba ta yi ba ranar makoki, ranar ta yi shi, da majina da shessheƙa, har Larai ta taya ta daga baya. Gwaggo Laraba ta leƙo daga ɗakinta, ta ga abin da ke faruwa, ta saki labule ta koma. Ba ta taɓa tada maganar ba har yau, kuma daga ranar ta bar zancen naɗe su a ɗora bisa mota.

Kar wani ya ce daga nan komai ya warware. Wanga shi ne abin da ya sa nake jinjina wa yarinyar nan, don aikin da ya biyo baya ita kaɗai ta yi shi, kullum, babu mai tafa mata. Kowace safiya in ta idar da salla sai ta ɗan zauna da tasbaha, kowace ƙwaya da numfashinta, ba gaggawa. In ta zo regewa, regewa kawai take yi. In faɗuwar gaba ta zo, ta ɗora hannu a ƙirji ta yi wa kanta magana kamar yadda za ta yi wa baƙuwar da ta sha rana.

Arzika ya taɓa jin ta a madafa tana cewa, "Sannu Hafsa, kin sha hanya. Zauna ki huta."

Ya leƙa ya ga babu kowa. "Wa kike wa sannu?"

"Baƙuwa na yi."

"To a dama mata fura mana. Ko ita ma tsakuwar take tsoro?"

Ta jefe shi da mara, yana dariya.

Karon farko da ta gwada sauke Larai, bisa tabarma ne a ƙofar ɗaki. Yarinyar na miƙa hannu wajen bakin tabarmar, Hafsa ta fizge ta ta mayar baya. Da can da ta wuni tana zagin kanta. Ranar cewa ta yi, "Yau mun kai tabarma. Allah ya kai mu gobe." Gobe ta sake. Jibi ba ta iya ba sam, ta ce ba komai, saniya ma wata rana ba ta ba da nono.

Ranar da abin ya faru ina gidan, cikin damina, na kawo musu ɗan wake. An yi ruwa da safe ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi, babu ƙura ko kaɗan. Inna Adama na zaune da ƙwaryarta, Gwaggo Laraba na tsinke rama. Hafsa ta tsaya tsakiyar gida ta dubi ƙasar, ta daɗe tana dubanta. Sai ta kai hannu ta kwance ƙullin zane, ta zamo da Larai gaba, ta riƙe ta a hammata, ta sauke ta har tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa.

Larai ta ɗage ƙafa ɗaya kamar kyanwa ta taka ruwa, ta dubi uwarta, ta sake saukewa. Ta murza yatsu cikin laka. Ta zauna daɓas.

Daidai nan Zinariya ta fara daka ta bayan katanga. Dum, dum. Larai kuwa ta damƙi ƙasa cike da hannu, ta nufi baki da ita.

Ƙirjin Hafsa ya hau duka, ta ji tsakar gidan na juyawa, ta ga wani yaron fari fat da ƙura a wurin. Ƙafarta ta ce ruga, fizge ta, ɗaure ta, kar ki sake. Ta ɗora hannu a ƙirji. Randa. Kaza. Gwaggo da ramarta. Ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa. Ta ce a hankali, yadda sai na kusa ke ji, "Na ji ki, Hafsa. Tsoro kike ji, kuma da dalilinki. Wagga ƙasa sabuwa ta." Ta taka, ba da gudu ba, ta durƙusa, ta riƙe hannun yarinyar kafin ya kai baki, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zuba ruwan buta ta wanke. Sau ɗaya. Sannan ta tashi ta ja baya, ta bar ta zaune a ƙasa.

Gwaggo Laraba ta sunkuyar da kai tana tsinke ramar da ta riga ta tsinke. Ni kam guɗa ta taho mini har wuya, Inna Adama ta harare ni na haɗiye.

"Kar ki firgita mana nagge," in ji ta.

Larai ta fara da jan gindi, ta koma rarrafe, gwiwa duk ta yi kanta. Hafsa na wanke mata hannu kafin cin abinci kamar yadda likitoci sunka ce, dutsen rami kuwa ko ƙwaya ɗaya bai sake shiga gidan ba. Da kaka ta yi, anka kawo sabon gero, Hafsa ta ce wa Arzika ya sayo mata turmi a kasuwa. Ya dube ta ya ga da gaske take, ya hau babur. Ranar da ta fara surfe a cikinsa, ta tsaya sau uku tana dafa ƙirji, sau uku tana komawa. Tana aje taɓarya don ta share gumi, sai ga Larai ta rarrafo, ta kama bakin turmin ta miƙe tsaye. Ta saki. Taku ɗaya, biyu, uku, ta faɗa jikin zanen uwarta.

Bana Larai ta shiga aji ɗaya. Gudu gare ta kamar zomo, kullum sai an je an kamo ta daga gindin tsamiya. Faɗuwar gaban ba ta bar Hafsa kwata-kwata ba, takan zo, musamman in bazara ta kama. Sai dai yanzu in ta zo an san ta, ana ba ta wurin zama har ta gaji ta tafi. Matan unguwa ma sun gane, wadda duk ƙirjinta ya dame ta sai ta ɗauko geronta ta ce za ta gidan Hafsa regewa. Zinariya ce ta fara.

Inna Adama haƙori ɗaya ya rage mata yanzu. Makon jiya tana shan fura a gidan, Larai ta shigo a guje ta yi karo da ƙwaryar nono, saura ƙiris ta kife. Tsohuwar ta rungume ƙwaryarta ta dubi Hafsa.

"Ke, ɗauki abarki ki mayar baya. Ni na jawo wa kaina."

Hafsa ta ce, "Ai kin makara, Inna. Zanen goyon na yi tsumma da shi."